Shekarar da Na Zama Ɗalibin Ƴata

Wannan babin na daɗe ina jinkirta rubuta shi, domin na san a cikinku akwai wanda har yau in an taɓo zancen sai fuskarsa ta sauya. Mustafa, da kai nake. Kai ne babba, kuma kai ka fi kowa jin zafin abin. Kun ji a bakin mutane cewa an kawo wa ubanku rawanin mai unguwa har cikin zaurensa, ya ƙi karɓa saboda busa. Wasu sun ce girman kan tsohon soji ne, wasu sun ce ƙanwarku Falmata ce ta juya mini tunani. Cewa na ƙi, gaskiya ne. Sauran kuwa ku ji daga bakina, tun ina da ƙarfin riƙe alƙalami.

Kun san a fanfar na yi aikin soja, wato rukunin masu kiɗa da busa. Na shiga ina ɗan makiyayi daga wajen Kelle, ban san komai ba sai sanda da guga da ɗan karatun lakwal, wato makarantar boko. Ba ni na zaɓi saksofon ba. Shugaban fanfar ne ya dube mu a layi, ya ga faɗin ƙirjina, ya miƙo mini wannan ƙahon busa na ƙarfe. Shekara ashirin da bakwai na yi ina busa shi, har na fita da muƙamin ajidan, kuma abin da nake tinƙaho da shi shi ne ban taɓa kuskuren nota ɗaya a gaban manya ba. Haka aka hore mu. Takarda tana maƙale a jikin ƙarfen, idonka a kanta, abin da aka rubuta shi za ka busa, ba ƙari ba ragi. Wanda ya ƙara nota ta kansa sai ya zagaya fili da gudu, ƙahonsa a ɗage bisa kai. A gida kuwa yayana Kyari, wanda ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu, bai taɓa son aikin ba, domin a danginmu babu makaɗi babu maroƙi. Amma yakan ce aikin gwamnati ne, da kaki a jiki, ba don kyauta ake yi ba. Da na ajiye aiki na dawo Gure, sai na sa saksofon ɗin da na saya wa kaina a akwati, na tura ƙarƙashin gado. Nakan fito da shi in goge, in shafa wa maɓallan mai, in mayar. A ganina na gama da shi, kuma na gama da daraja.

A cikinku duka Falmata ce kaɗai ta taɓa sha'awar ƙarfen nan. Tun muna bariki take zama kusa da ni, na koya mata do re mi don in samu ta yi shiru. Da ta tafi Yamai karatun malanta ashe ta haɗu da wasu masu kiɗa, ta koyi piyano, ta ci gaba da busa, ban sani ba. A shekarar da nake ba ku labari an tura mijinta ƙarin karatu na shekara guda, ita kuma aka turo ta koyarwa a kwalejin Gure, sai ta sauka a gidanmu da akwatunanta da wani ɗan piyano mai batir.

Wata la'asar, bayan an gama girbi, na dawo daga kasuwar dabbobi, tun daga ƙofar gida na ji muryar saksofon ɗina. Na san muryarsa kamar yadda nake sanin tarin mahaifiyarku. Amma abin da ake busawa ban taɓa jinsa ba. Yana gudu, ya tsaya, ya lanƙwasa, ya yi kamar zai faɗi sai ya miƙe, kuma duk da haka bai taɓa ɓacewa daga bugun ba. Na tsaya a zaure har busar ta kai aya, sannan na shiga da fuskar ajidan, na tarar da Falmata riƙe da shi.

"Wa ya ba ki izinin buɗe akwatin nan?"

"Ba kowa, Baba. Na ga fatun maɓallan sun fara bushewa ne."

"Ina takardar abin da kike busawa?"

"Babu takarda."

"To haddacewa kika yi."

"A'a, yanzu na yi shi. Ko ka ce in maimaita ba zan iya ba."

Na ɗauka wasa take mini da hankali. Sai ta ce wannan shi ake kira jaz, kuma a cikinsa akwai wurin da ake barin mai busa ya faɗi nasa, nan take, a kan turakun waƙar. Ta jawo ɗan piyanonta ta ɗora a cinya, ta fara danna sautuka huɗu masu zagayawa suna komowa, ta miƙo mini saksofon ta ce in busa duk abin da ya zo mini. Na karɓa ina murmushin raini. Na sa a baki, na cika ƙirji da iska. Ƴaƴana, babu abin da ya fito. Ta zagayo sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Yatsuna suka kama farkon wani kiɗan defile, wato faretin soja, da muka saba, na ji bai shiga ba, na tsaya. Idona sai neman takarda yake a inda ba ta. Daga madafa mahaifiyarku, Hajiya Zara, ta ɗaga murya.

"Ikon Allah! Yau Ajidan ne ya rasa ta cewa?"

Dariya take, amma ni kwana uku abinci bai yi mini daɗi ba. Na yi ta tunanin shekara ashirin da bakwai ina busa maganar wasu, kuma in aka ce in faɗi tawa ban da ko kalma ɗaya. Ran na huɗu da safe na sami Falmata tana shirin tafiya lakwal, na ce ta koya mini. Ta ajiye jakarta.

"Baba, in na ce ba daidai ba ne, ba za ka yi fushi ba?"

"Zan yi. Amma ki faɗa."

A ɗaki muka fara, da tsumma cushe a bakin ƙahon don kada maƙwabta su ji. Abin da ta fara ba ni shi ne tsanin sauti da masu jaz ke kira bibob. Mu a fanfar tsaninmu matakala bakwai ne, do re mi fa sol la si, ka komo do. Ita ta ce in fara daga sol in sauko, amma tsakanin sol da fa in cusa wata ƙaramar nota, fa diyez, su zama takwas. Na ce wannan notar ba ƴar gida ba ce, da na busa ta a bariki da na sha gudu. Ta ce ai ba zama za ta yi ba, wucewa take. Ta yi ta bayani cewa a kowane sauti na piyano akwai notoci huɗu da suke riƙe da shi kamar turakun rumfa, nan su ne sol da si da re da fa, kuma so ake su riƙa faɗowa daidai kan bugu. Na ji da kunne, amma kaina bai ɗauka ba. Mako biyu ina busa tsanin nan kamar mai haddar abin da bai san ma'anarsa ba, ina jin haushin kaina, ina jin haushinta.

Da ɗakin ya ishe ni sai na fara ɗaukar akwatin a bayan moto, wato babur ɗina, in tafi wani kwari a gabas da gari, inda akwai dabino da goruba a ƙarƙashin tudun yashi. A can na gane abin, kuma da ƙafa na gane shi. Wata safiya ina busawa ina kai da komowa, sai jikina ya koma tafiyar soja da kansa, hagu, dama, hagu, dama, kowane taki nota ɗaya. A soja ƙafar hagu ita ke faɗuwa kan babban bugu. Na sauko da tsanin bakwai da na saba, sai na ga na fara sol da hagu na ƙare sol da dama, ƙafa ta juye. Na sake da na takwas ɗin. Sol a hagu, baƙuwar notar a dama, fa a hagu, mi a dama, re a hagu, do a dama, si a hagu, la a dama, sol ya komo a hagu. Duk turakun nan huɗu a ƙafar hagu suka faɗo. Na tsaya cikin yashi ni kaɗai ina dariya da ƙarfi. Ashe notar da nake ƙyama ita ce ke gyara taki. Na hau moto na je har ƙofar kwaleji na jira aka tashi, na gaya wa Falmata a gaban abokan aikinta. Ta ce ita shekara guda ta yi kafin ta gane abin da na gane da sawuna, kuma daga ranar haka take koya wa kowa.

Daga nan na kama aiki irin na soja. Tsanin nan yana da mafari goma sha biyu, kowanne da nasa yatsun, na bi su ɗaya bayan ɗaya duk lokacin sanyi, in hau in sauko, in fara daga tsakiya, in fara daga ƙarshe. Leɓena na ƙasa ya fashe ya warke ya sake fashewa. Ƴan siraran karan da ake ɗaurawa a bakin saksofon suka yi ta tsagewa saboda bushewar iska, ina jiƙa su a kofin shayin mahaifiyarku, tana faɗa kullum. Ranar Laraba da yamma da ranar Lahadi, da yake babu lakwal, Falmata takan bi ni kwarin da piyanonta. Wata Lahadi na zuba mata tsanin nan da gudu, sama da ƙasa, babu tuntuɓe ko ɗaya, na sauke ƙaho ina jiran yabo.

"Yatsunka sun fi nawa sauri yanzu, Baba."

"Amma?"

"Amma defile kake yi. Ba ka ce mini komai ba."

Na yi fushi kamar yadda na yi mata alkawari. Na juya mata baya na zauna gindin goruba. Ta bar ni na huce, sannan ta karɓi saksofon ta busa wasu ƴan notoci huɗu, ta ɗaga gira tana kallona. Ta sake busawa. Sai na ji ashe "ina kwana" take cewa, da hawan muryar da saukarta. Ta miƙo mini. Na busa mata "lafiya lau". Ta danna piyano, "ina gajiya", na amsa "ba gajiya". Muka bi gaisuwar nan kaf, gida da iyali da dabbobi da sanyi, irin doguwar gaisuwar mutanenmu da ba a gaggawa a cikinta. Sai ta ce to yanzu in amsa mata da tsawo, kamar wanda aka tambaya labarin tafiya, in ɗauki tsanin ya kai ni daga kalma zuwa kalma. A yammacin nan na busa jimlata ta farko wadda ba wanda ya rubuta mini. Gajeriya ce, kuma gurguwa, amma tawa ce.

Kwari ba ya ɓoye sauti. Matan da ke yankan kaba suka fara cewa akwai aljanu a gabas da gari masu kuka da hantsi. Da aka gano ni ne, sai zancen ya fi na aljanun muni. Ajidan Ari, da furfurarsa, yana zaune a yashi ƴarsa tana ce masa sake, yana sakewa. A masallaci ba wanda ya ce mini uffan, amma na ga yadda hira ke mutuwa in na iso.

Ana cikin haka, da shigowar bazara, Allah ya yi wa mai unguwarmu rasuwa. Ƙanin mahaifinmu ne, kuma bai bar ɗa namiji a gari ba. Rawanin a gidanmu yake tun kakanmu. Yaya Kyari shi ne babba, amma idonsa ya riga ya yi rauni, kuma bai yi lakwal ba, alhali aikin yanzu duk takardu ne da zuwa ofis. Bayan sadakar arba'in ya zo gidana da hantsi, shi da dattawa uku. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka gaisa, sannan ya yi gyaran murya.

"Ari, mutane sun haɗu a kanka. Ka iya karatu, ka san manya, ba a taɓa kama ka da cin amana ba. Abu ɗaya ne ya rage."

"Ina jin ka, Yaya."

"Ƙahon nan. Da kana cikin kaki mun yi shiru. Yanzu ba kaki. Ba a taɓa mai unguwa mabushi ba, kuma ba daga gidanmu za a fara ba. Ka fitar da shi daga gidan nan, ka gaya wa yarinyar nan ita ma ta bari. Shi ke nan."

Na ce ba ni busa a biki, ba ni karɓar ko goro a kansa, me zai hana in riƙe duka biyun? Ɗaya daga cikin dattawan ya ce mutumin da zai raba rigimar gona dole a ji nauyinsa, kuma ba a jin nauyin wanda aka gani yana kumbura kumatu. Ban ga laifinsa ba, abin da ya sani ya faɗa. Na roƙi mako guda.

Makon nan ban taɓa akwatin ba. Kada ku ɗauka rawanin bai ba ni sha'awa ba. Ya ba ni ƙwarai. Na yi tunanin mahaifinmu, na yi tunaninku, na yi tunanin Yaya Kyari da ya sayar da raƙuminsa ya yi mini kayan tafiya soja. Mustafa, ka kira ni a salula daga Damagaram ka ce in tuna ba ni kaɗai ke ɗauke da sunan gidan ba. Gaskiya ka faɗa. Falmata kuwa ta same ni da safe ina alwalar walaha, idonta ya kumbura.

"Baba, ka karɓa. Ni na jawo wannan. Wata uku ya rage in tafi, zan rufe piyanon har in bar garin."

"Ke kika ce in koya, ko ni na ce ki koya mini?"

"Kai ne."

"To ki bar ɗaukar abin da ba naki ba."

Mahaifiyarku ce ta faɗi maganar da ta tsaya mini. Tana tankaɗe a tsakar gida, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ce ita ba za ta zaɓa mini ba, matar mai unguwa ko matar mabushi duk tuwo ɗaya za ta tuƙa. Amma ta ce shekara biyar tun da na ajiye aiki tana zaune da mutumin da ke tashi da safe bai san abin da zai yi da ranarsa ba, sai bana ta ga ina gaggawar karya kumallo. Kuma ta ce ta san ni, in na karɓa da alkawarin bari, ko dai in cika alkawarin in zama mai ɗacin rai a kan kowa, ko in riƙa satar hanya zuwa kwari in zama maƙaryaci da rawani a ka. Ta ce in duba wanne zan iya zama da shi.

Ranar da mako ya cika ni na je gidan Yaya Kyari, don bai kamata babba ya sake tako ƙafa ba. Na durƙusa na ce masa tun ina saurayi ake ba ni umarni ina bi, ban taɓa tambayar dalili ba, kuma ban yi nadama ba. Amma wannan abu ɗaya ne da na nema da kaina, na same shi da wahala, a hannun ƴata, kuma ba zan tsaya gaban mutane in ce abin kunya ne ba alhali na san ba shi ba ne. Na ce duk takardar da sabon mai unguwa ke so a karanta ko a rubuta, ƙofata a buɗe take. Ya juyo da fuskarsa gare ni.

"Ka fifita ƙarfe a kan gidan ubanka."

"Ban fifita ba, Yaya. Ƙarya ce ba zan iya ba."

"Tashi ka tafi."

Rawanin ya koma wani gida, kuma ba zai dawo ba. Wannan shi ne kuɗin abin, kuma ban ɓoye muku ba: ku ma kun biya, ba tare da an tambaye ku ba. Yaya Kyari ya daina shiga gidana. In mun haɗu yakan amsa sallama don Allah, ya wuce. A wurin suna da ɗaurin aure aka daina matsa mini wuri a tabarmar gaba. Mustafa, kai ma wata shida ba ka kira ni ba, sai dai ka kira mahaifiyarka ka ce a gaishe ni.

Na koma kwari da zafin bazarar nan, kuma yanzu ba na ɓoyewa. Akwatin a bayan moto, ta tsakiyar kasuwa nake bi. Da ƙarshen shekarar karatu ya matso, daraktan kwalejin ya ce Falmata ta shirya ɗan kiɗa ranar rabon kyaututtuka. Ta samo malamai biyu, ɗaya da gita ɗaya da ganguna, ta ce ni ne mai busa. Na ce ta rubuta mini ko layi biyu ne in riƙe saboda tsaro. Ta ƙi.

An yi taron da hantsi a farfajiyar lakwal, ƙarƙashin rumfuna, iyaye cike, har da wasu daga cikin waɗanda suka daina matsa mini wuri. Na sa farar riga da hula, ba kaki. Na busa a gaban shugabanni ban ji komai ba, amma ran nan na tsorata. Muka busa kan waƙar tare, sannan Falmata ta ɗaga mini kai, alamar fili nawa ne. Na fara da gaisuwa, a hankali, kamar yadda muka saba. Na ji wata tsohuwa a layin gaba ta ce, "La, gaishe mu yake!" Aka yi dariya, dariyar ta sake mini ƙirji. Na hau tsanin, na sauko, na bar wuri na numfasa, na sake shiga. A zagaye na biyu na ɓace. Na rasa inda piyano yake, na sauka kan baƙuwar notar nan daidai kan bugu, inda bai kamata ta zauna ba, ta yi tsami a kunnen kowa. Da a bariki ne da na daskare. Sai na riƙe ta, na ja ta da tsawo kamar da gangan, na maimaita ta sau uku har mai ganga ya kama ya buga tare da ni, sannan na zame rabin taki zuwa fa na gangaro gida. Na waiga na ga Falmata ta buɗe baki tana dariya, hannuwanta ba su tsaya ba. Daga nan ban san tsawon abin da na busa ba. Na faɗi abin da ke raina game da shekarar nan duka, da haushin, da kunyar, da daɗin, kuma ba wanda ya rubuta mini ko nota ɗaya. Da na sauke ƙaho ɗalibai suka miƙe tsaye suna tafi. Dattawa ba su tafa ba, ba al'adarsu ba ce, amma ba wanda ya tashi ya fita.

Yaya Kyari bai zo ba, kuma har Allah ya karɓi ransa bai taɓa jin busata ba. Amma ranar da Falmata za ta koma wajen mijinta, bayan ruwan farko, muna tasha ana ɗaura kayanta a saman mota, sai ga shi da sandarsa. Ya zo sallamar ƴar ƙaninsa, domin shi mutum ne da ba ya barin haƙƙi ko yana fushi. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ni ina tsaye gefe, bai dube ni ba.

"Ke ce kika koya masa abin nan?"

"Ni ce, Baba Kyari."

"An ce kullum sai ya je kwarin nan, har da azumi."

"Kullum. Ban taɓa samun ɗalibi irinsa ba."

Ya jinjina kai, yana murza kan sandarsa.

"Na sani. Da haka zai riƙe mana unguwar. Shi ya sa na so shi."

Ya sa mata albarka, ya juya ya tafi. Ban taɓa samun yabo mai zafi kamar wannan ba, kuma ban taɓa samun wanda ya fi shi girma ba. Daga ranar ya koma amsa gaisuwata da tsawo, ko da yake bai sake zama a zaurena ba sai a ciwonsa na ƙarshe, da ya ce a kawo shi gidana don ya fi kusa da likita. A ɗakina ya cika, hannunsa cikin nawa. Wata biyun da ya yi kwance ban buɗe akwatin ba ko sau ɗaya, kuma ba wanda ya ce in bari.

To kun ji yadda aka yi. Ba wanda ya juya mini tunani. An ba ni zaɓi da rana tsaka, ina cikin hankalina, na zaɓa, na kuma san abin da na hana ku. In akwai mai jin haushi a cikinku, ni zai ji wa, kada ya kai wa ƙanwarsa. Ita abin da ta yi kawai shi ne ubanta ya ce ta koya masa, ta koya masa da gaskiya, ba ta taɓa ce masa ya yi daidai ba alhali bai yi ba.